Yadda Ake Lissafa Wutar da Injin Fulawa Ke Ci, da Yadda Ake Rage Ta

Masana'antar da ke niƙa tan 200 na alkama a yini, in ta rage kilowat-awa 5 kacal a kan kowane tan, ta tsira da kilowat-awa 1,000 kullum. A kan janareta wannan ya kai kimanin lita 280 na dizal. A Sudan ta yau ba ƙaramin kuɗi ba ne: da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai manyan injinan Bahri, wato Khartoum ta Arewa, suka tsaya, nauyi ya koma gabas da arewa, wutar gwamnati kuma ba ta da tabbas. Wannan jagora domin 'yan'uwanmu ne masu kula da rola, da makanikai, da masu aikin lantarki a injinan Bur Sudan, Atbara, Madani da Gadarif. Shawararmu tun daga farko ita ce kada a sayi ko ƙusa ɗaya sai an auna, an kwaikwayi masana'antar a kwamfuta, an ga inda wutar take tafiya.

Mataki na farko: san adadin da kake ci

Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne kilowat-awa a kan tan, wanda ake rubutawa kWh/t. Karanta mitar wuta da sikelin alkamar da ke shiga rolar farko a lokaci guda, a farkon kowane zubin aiki, har mako uku ko huɗu. A gefe ka rubuta irin alkamar, danshinta, da awannin da aka tsaya.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Tan 200 a awa 24 shi ne tan 8.33 a awa. In masana'antar tana jan kilowat 540, to tana cin kWh 65 a tan na alkama. In fulawar da ke fita kashi 75 cikin 100 ce, raba 65 da 0.75, ka sami kusan kWh 87 a tan na fulawa. Wannan adadi na biyu shi ne na gaskiya, domin fulawa kake sayarwa. Wanda ya rage wuta amma ya bar gari yana bin dusa ya yi asara ne yana murna.

Zuba alƙaluman a Excel, tan a kwance, kWh a tsaye, ka ja miƙaƙƙen layi ta cikinsu. Inda layin ya yanki ginshiƙin tsaye, wannan ce wutar da masana'antar ke ci ko ƙwaya ɗaya ba ta niƙa ba: fankoki, matankaɗai, kwamfuresa, rola masu juyawa fanko. A injin fulawa wannan kaso babba ne. Shi ya sa idan aka sauke gudu zuwa tan 6 a awa, jan wuta ba zai faɗi ƙasa da kamar kilowat 470 ba, kuma tan ɗaya ya koma cin kWh 78. In alkama ta yi ƙaranci, gara a niƙa da cikakken lodi na awa 17 a kashe komai, da a ja aikin awa 24.

Mataki na biyu: bi moto ɗaya bayan ɗaya

Kowane moto ana auna shi sau biyu, yana fanko da kuma yana ɗauke da kaya. Lissafin wuta mai layi uku: kilowat = 1.732 × bolt × amfiya × cosφ ÷ 1,000, inda cosφ yake nuna kason wutar da ke yin aiki na gaske, daga 0 zuwa 1. Moton rolar farko da ke jan amfiya 48 a bolt 415, cosφ 0.84, yana cin kilowat 29. Shi ɗin dai yana fanko zai iya jan amfiya 20, amma cosφ ya faɗi zuwa 0.3, wato kilowat 4.3. Nan ne mita mai maƙalawa wadda amfiya kawai take nunawa ke yaudarar mutane. Amfiya ta sauko da kashi 58 cikin 100, wutar kuwa ta sauko da 85. A nemi mitar da ke nuna kilowat kai tsaye, ko da aro ne na mako ɗaya.

Cire na fanko daga na lodi, 29 ban da 4.3, saura 24.7. Raba da tan 8.33, kusan kWh 3 ke nan a tan. Wannan ce wutar niƙan kanta a rolar farko. A yi wa kowace rola haka, sannan babbar fankar ɗaukar kaya, fankokin zuƙe ƙura, matankaɗai, injinan sheƙe tsaki, sashen tsabtacewa, kwamfuresa da sashen buhu. Jimillar ta zo kusa da abin da babbar mita ta nuna, bambancin kada ya wuce kashi 5 cikin 100. A galibin injinan da iska ke ɗaukar musu kaya, rola da babbar fanka su ne kan gaba da tazara.

Mai lantarki kaɗai ke buɗe allon wuta. Ƙurar fulawa tana fashewa in ta sami tartsatsi.

Mataki na uku: bin kaya daga rola zuwa rola

Wannan ne zuciyar aikin. Injin fulawa ba ya niƙa alkama sau ɗaya. Rola masu haƙora, B1 zuwa B4 ko B5, suna ɓarza ƙwayar, suna kankare ciki daga bawo. Faɗin rola yawanci milimita 250 ne, ɗaya tana gudu ninki 2.5 na ɗayar. Rola masu sulɓi, da bambancin gudu kusan 1.25, suna mayar da tsaki gari. Tsakanin kowace rola da ta gaba iska tana ɗaga kayan zuwa bene na sama, matankaɗi ya raba. Duk kilo ɗaya da bai rabu a inda ya kamata ba, za a sake niƙa shi, a sake ɗaga shi, a sake tankaɗe shi, kuma kowane zagaye kuɗin wuta ne.

Ɗauki samfur a ƙarƙashin rola da ludayi mai dogon hannu, ba da hannu ba, daga gefen dama da gefen hagu dabam-dabam. Auna giram 100, tankaɗe a rariyar gwaji mai ido maikiron 1,000 na minti biyu, kullum lokaci ɗaya. Abin da ya wuce shi ne kason da rolar ta saki. In dama ta ba da 38, hagu ta ba da 29, rolar a karkace take, kuma ba wani lissafi sai an daidaita ta.

Sai a gina teburin. Kowace rola layi ɗaya: kayan da ke shiga, kason da ta saki, abin da ya tafi gaba, kilowat ɗinta. A ce kilo 100 ya shiga B1 ta saki 35, kilo 65 ya tafi B2. B2 ta saki kashi 45, saura 35.8 ga B3. B3 ta saki 35, saura 23.2 ga B4. Jimillar abin da rolar ɓarza suka ɗauka kilo 224 ne a kan kowane 100 na alkama. Yanzu sauya adadi ɗaya: B1 ta buɗe ko haƙoranta sun cinye, tana sakin 28. B2 za ta karɓi 72, B3 39.6, B4 25.7, jimilla 237. Kaya ya ƙaru da kashi 6 cikin 100 a rola da bututu da matankaɗi, ba tare da ƙarin fulawa ko cokali ɗaya ba. Kwaikwayon ke nan: ka taɓa lamba a allo ka ga abin da zai biyo baya, maimakon ka gwada a kan tan 50 na alkama mai tsada.

Domin teburin ya faɗi wuta ma, ana buƙatar ƙa'idar da ke haɗa girman ƙwaya da ƙarfin da aka kashe. Akwai uku sanannu: ta Rittinger (1867), ta Kick (1885) da ta Bond (1952). Ga niƙa mai laushi ta Rittinger ta fi dacewa: E = K × (1/d₂ − 1/d₁), inda E yake wutar niƙa a kan tan, K adadin da ya keɓanci rolar da alkamar, d₁ da d₂ kuma matsakaicin girman kaya kafin rola da bayanta. Ana samunsu da jerin rariyar gwaji, misali 1,000, 500, 250 da 132 maikiron, a duba girman da rabin samfurin ya wuce. K kuwa ba a kwafo shi daga littafi. Kana da E daga mataki na biyu, kana da d₁ da d₂, sai ka fitar da K na kowace rola da kowace irin alkama. Ka lura da abin da ƙa'idar ke faɗa: daga milimita 0.4 zuwa 0.2, adadin cikin baka 2.5 ne, daga 0.2 zuwa 0.1 kuwa 5 ne. Rabin ƙarshe na laushi ninki biyu yake ci. Kafin ka matse rolar sulɓi domin fulawa ta ƙara laushi, tambayi masu gidan burodin da ke saye ko suna buƙatar wannan laushin.

Masu son zurfafawa za su iya bin hanyar da Grant Campbell da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Manchester tun 2001, wadda ke hasashen rabon girman kayan B1 daga tazarar rola da girman ƙwaya da taurinta. Ga yawancin injinanmu teburin Excel ya wadatar, muddin an gwada shi: sauya tazarar rola ɗaya a zahiri, jira kamar minti 30 kaya ya daidaita, auna, ka kwatanta da hasashe. In sun saɓa da fiye da kashi 10 cikin 100, koma kan samfur. Yawanci kuskuren yana can.

A ƙara ginshiƙi ɗaya na toka, wato abin da ke saura in an ƙone samfurin gari. Cikin ƙwaya tokarsa kusan kashi 0.4 ce, ta bawo ta haura 5. Ɗan bawo kaɗan ya shiga gari, toka ta tashi, fulawa ta yi duhu. Duk canjin da teburin ya nuna yana rage wuta amma yana ɗaga toka sama da abin da kasuwa ta yarda, a bar shi.

Mataki na huɗu: ruwa da hutun alkama

Kafin a taɓa rola a gyara jiƙo. Alkama mai tauri ana kai ta danshi 15.5 zuwa 16.5 cikin 100, ta huta awa 18 zuwa 24 ko fiye. Mai taushi 14.5 zuwa 15.5, hutunta ya fi gajarta. Ruwan da za a zuba: nauyin alkama × (danshin da ake so − wanda ke akwai) ÷ (100 − wanda ake so). Tan ɗaya na alkamar jirgi da ta sauka Bur Sudan da danshi 12.5, zuwa 16, lita 42. Alkamar Jazira ko Halfa ko Dungula da aka girbe a bushin Maris, ta zo da danshi 10, lita 71 take so. Irin wannan ruwa ba ya shiga a zubi ɗaya, zai tsaya a bawo ya kwarara ƙasan rumbu. A raba biyu: kashi biyu cikin uku da farko, sauran bayan awa 12 zuwa 16. Kuma kada a gauraya ta gida da ta jirgi kafin jiƙo. Kowace a jiƙa ta dabam, a haɗa daga baya, in ba haka ba ɗaya ta jiƙe sharkaf, ɗaya tana nan ƙeƙashe.

Alkamar da ba ta sha ba, bawonta yana farfashewa ya shiga tsaki, cikinta yana da tauri, mai rola ya yi ta matsewa. Wadda ta sha fiye da kima tana liƙe idon rariya, gari ya bi kan rariya zuwa rola ta gaba. Tsakanin biyun akwai wurin da kWh a tan na fulawa ya fi ƙasa, kuma ana gano shi ne da gwaji: matsa danshi rabin maki a kowane zubi, ka rubuta wuta da fulawa da toka. A zafin Atbara kaya yana rasa danshi mai yawa a cikin bututu, fiye da na Bur Sudan mai laimar teku, don haka lambar wata masana'anta ba za ta yi wa wata ba.

Mataki na biyar: rola

Haƙoran B1 kusan 4 ne a santimita, suna ƙaruwa har 9 ko 10 a ta ƙarshe. In sun dakushe sai su daina yanka su koma murƙushewa. Alamominsa: amfiya tana hawa a hankali cikin watanni, kaya yana fitowa da ɗumi, dole a riƙa matse tazara domin a sami sakin da ake samu a da. K ɗin rolar a teburinka zai nuna wannan kafin ido ya gani. In ya haura na sabuwar rola da kashi 15 ko 20 cikin 100, lokacin sake yanka haƙora ya yi. Yadda aka juya haƙoran ma yana da tasiri. Kaifi da kaifi yana yanka, yana ba da tsaki mai yawa da ƙarancin wuta, amma yana yayyanka bawo. Baya da baya yana barin bawo da faɗi, yana cin wuta fiye.

A rolar sulɓi laifin da ya fi yawa shi ne matsi. Debi kayan a tafin hannu ka murza da babban yatsa. In ya watse ya zama gari, daidai ne. In ka ga ƙananan falle-falle masu sheƙi kamar ɓawon kifi, an matse fiye da kima: garin ya danne ya zama faifai, ba zai wuce rariya ba, zai tafi rola ta gaba. An biya wuta an danne shi, za a sake biya a warware shi. Matsin nan kuma yana lalata sitaci, ƙullu ya yi danƙo a hannun mai burodi. Sassauta kaɗan-kaɗan har falle-fallen su ɓace, ka duba wuƙar kankare rola, ka tabbata kaya yana zuba a shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Rolar da ke karɓar kaya a tsakiya kawai, gefunanta ƙarfe ne ke gogar ƙarfe.

Rariyar da ta toshe ko ta yage tana ɓata duk wannan. A tankaɗe samfurin abin da ke bin kan rariyar gari. In akwai fulawa mai yawa a ciki, a buɗe matankaɗin a duba masu goge rariya.

Mataki na shida: iska

Wutar fanka ita ce yawan iska × matsi ÷ inganci. Fanka mai jan mita kubik 5 a daƙiƙa, a matsin kilofaskal 11, inganci 0.75, tana cin kilowat 73. Wutar tana bin gudun fanka ninki uku a lissafi, wato in an rage gudu da kashi 5 cikin 100, 0.95 × 0.95 × 0.95 ya ba da 0.857, ragin kusan kilowat 10. Babu wani wuri a masana'antar da ƙaramin canji ke biya haka. Sai dai haɗarinsa a kusa yake. Kaya yana buƙatar iska mai gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ko sama kafin ya hau, matsi kuma yana faɗuwa da sauri fiye da gudu. Bututun da ya fi nauyi shi zai fara shaƙewa, kuma toshewa ɗaya da ta tsayar da aiki awa guda ta cinye ribar kwanaki.

Saboda haka a bi tsari. Da farko toshe ɓarakar iska: robar haɗin bututu, gilashin leƙe, da bawul mai juyawa na ƙasan kowane saikulon, wato mazurarin da ke raba kaya da iska; bawul ɗin in ya cinye yana zuƙo iska daga ƙasa. Sannan matatar ƙura. Matsin da ke tsakanin shiga da fitarta in ya wuce kamar kilofaskal 1.5, jakunkunan sun toshe, kuma bayan kowace habub, wato guguwar ƙura, a duba. Sannan a daidaita iskar kowane bututu da bawul ɗinsa, domin sau da yawa ana tura fanka duka saboda bututu ɗaya. Sai a ƙarshe a rage gudu, da inbata ko da sauya fuli, kashi 1 ko 2 a lokaci guda.

A yi wannan saitin da azahar a watan Mayu, ba da asubar Janairu ba. Iska a digiri 45 ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100, matsin fanka kuma yana raguwa daidai da haka. Abin da ya hau lafiya da sanyin safiya zai iya zubowa da rana.

Ga masu sayo kayan hannu daga Jidda: wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Sudan 50. Fankar da aka saita can za ta yi gudun kashi 83 cikin 100 a nan, matsinta ya faɗi kusan kashi 30. Sai an sake lissafin fuli.

Mataki na bakwai: moto, kwamfuresa da janareta

Masu sayar da kaya da sabon moto suke farawa, mu kuwa mun ajiye shi ƙarshe da gangan. Moton kilowat 30 mai fol huɗu, ingancinsa kashi 90.7 cikin 100 ne a ajin inganci na IE1, 93.6 a na IE3 da ya fi shi. Ragin kusan kashi 3 cikin 100 ne. Yana da amfani in tsohon ya ƙone, musamman da yake naɗin da aka yi bayan an babbake tsohuwar waya da wuta yana rage inganci, amma bai kai a cire mai lafiya ba. Abin da ya fi sauƙi: ɗaure bel daidai, jera fuli, giris a boris kan lokaci, da hure ƙurar da ta rufe haƙarƙarin moto. An ƙera yawancin moto ne domin zafin da bai wuce digiri 40 ba, ɗakin niƙa a Sudan kuwa yakan wuce.

Kwamfuresa: ranar da aka tsaya, zaga ka saurari huci. Kowane bar ɗaya da aka rage a matsi yana rage wuta kusan kashi 6 ko 7 cikin 100.

Kafasita tana gyara cosφ, tana rage amfiya a waya da taransifoma, amma ba ta rage kWh sosai. A kan janareta kuma a yi hattara: in lodi ya ragu kafasita tana nan a haɗe, bolt zai riƙa rawa. A sa ta fita da kanta idan an koma janareta, ko a rage matakanta. Janareta ya fi tsimin mai a lodin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Ƙasa da 30 yana shan mai a banza, salansa tana zubar da baƙin mai. In akwai biyu, ɗaya cike ya fi biyu rabi-rabi. A rubuta lita da kWh kullum. In rabon ya wuce lita 0.30 a kWh, matsalar tana janareta ko a tankin mai.

Tsarin kunnawa da kashewa ma a rubuta shi a manna a bango. Idan alkama ta yanke, rola su buɗe da kansu, sashen tsabtacewa ya tsaya da zarar rumbun hutu ya cika, fankokin da ba su da aiki su mutu bayan mintunan da bututu ke buƙata ya wofinta.

Kowane canji a shigar da shi teburin tukuna, a yi shi shi kaɗai, a bar shi zubi uku a kan alkama iri ɗaya, sannan a kwatanta kWh a tan na fulawa, kason fulawa da toka. In alkama ta sauya, daga ta Rasha zuwa ta Jazira misali, a sake fitar da K kafin a amince da hasashen teburin.